Takardar da Ake Tsallakewa Kafin Aza Harsashi

Kusan kowane aikin gwamnati a Kano yana da allonsa. Wanda ya biyo titin Zariya daga Unguwa Uku ya gangaro Gyadi-Gyadi, ko ya kutsa ta Tarauni da Darmanawa, zai yi ta cin karo da irin waɗannan alluna a bakin sabon kwalbati, ko jerin azuzuwa, ko rijiyar burtsatse. Za ka ga sunan aikin, da ma'aikatar da ta bayar, da ɗan kwangila, wani sa'in har da hoton wanda ya kawo aikin, ya fi rubutun girma. Amma allon ba ya faɗin matsalar da aka zo magancewa. Ba ya faɗin wanda ke da ikon cewa a ƙara ko a rage, ko inda aikin ya tsaya, balle wanda zai karɓe shi ranar da ɗan kwangila ya kwashe kayansa ya yi gaba. In ka bi fayil ɗin aikin da ya lalace zuwa ofis, sau da yawa can ma ba za ka tarar da amsar ba.

Masu sana'ar tafiyar da ayyuka sun ware wa waɗannan tambayoyi takarda guda, wato takardar kafa aiki. Cibiyar PMI, ƙungiyar masu wannan sana'a da aka kafa a Amurka a 1969, ta fitar da kundin jagorarta a 1996, inda aka kasa rayuwar aiki gida biyar: farowa, tsarawa, aiwatarwa, sa ido, da rufewa. Tsarin PRINCE2, wanda gwamnatin Ingila ta fitar shi ma a 1996, yana da takardunsa masu yin wannan hidima da wasu sunaye. Najeriya kuwa ta yi dokar kafa cibiyar ƙwararrun masu tafiyar da ayyuka a 2018. A duk waɗannan tsare-tsare, takardar kafa aiki tana zangon farko ne. Gajeriya ce, shafi biyu ko uku sun ishe ta. Tana bayyana dalilin aikin, da abin da za a gani a ƙasa idan an gama, da ƙiyasin kuɗi da lokaci a dunƙule, da manyan haɗurran da ake hange, da mutanen da aikin zai taɓa. Sannan ta ambaci sunan wanda aka ɗora a kan aikin, ta faɗi iyakar ikonsa. Wanda ke sa mata hannu shi ne uban aikin, wato mai kuɗin ko hukumar da ke da hurumi, ba manajan da zai yi ta zirga-zirga a fili ba. Manaja yana iya rubuta ta, amma ba shi zai ba kansa izini ba.

A nan ne mutanenmu kan ce, to ai muna da ita, ita ce takardar kwangila. Ba ita ba ce. Kwangila yarjejeniya ce tsakanin mai aiki da wanda ya ɗauka haya: ka yi mini kaza, in biya ka kaza. Ɗan kwangila bai damu da ko kwalbatin da aka ce ya zuba zai hana ruwa shiga gidaje ba, shi dai ya cika tsawo da faɗin da aka rubuta masa, ya karɓi kuɗinsa. Takardar kafa aiki kuwa tsakanin mai aiki ne da kansa da mutanensa, kuma ita ke riga kwangila zuwa duniya. Haka nan ba ita ce layin da ake gani a kasafin kuɗi ba, ba kuma zanen injiniya ba ce. Duk waɗannan 'ya'yanta ne.

Wanda ya halarci ɗaurin aure a ƙofar gida ya san yadda abin yake. Kafin a shafa fatiha sai an san waliyyi, an san wakili da wanda ya wakilta shi, an faɗi sadaki a bainar jama'a, lakadan ne ko ajalan, shaidu suna ji. Ba a lissafa yawan tukwane da kujeru a wurin, wannan na wata rana ne. Minti goma ake yi a watse, amma duk rigimar da za ta taso bayan shekaru, can ake komawa a tambayi abin da aka faɗa. Matsayin takardar kafa aiki ke nan a rayuwar aiki. Ra'ayina shi ne amfaninta na haƙiƙa ba ya bayyana ranar da aka sa mata hannu, sai ranar da aka yi saɓani.

Dubi gadar Dangi, a bakin Gyadi-Gyadi, inda titin Zariya ya haɗu da titin gidan Zoo. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ce ta mayar da tsohon shataletalen ya zama hawa uku, hanyar ƙarƙashin ƙasa da ta tsakiya da gadar sama, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta a watan Yulin 2021, ranar da ya zo ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Kaduna. Siminti da rodi su ne sauƙin irin wannan aiki. Wahalarsa tana wurin mutane da hukumomi. Akwai bututun hukumar ruwa a ƙasa, da turakun KEDCO a gefe, da masu shagunan da ciniki zai tsaya musu muddin an toshe hanya, da 'yan KAROTA da za su karkatar da motoci cikin unguwa, da masu adaidaita sahu da za su mayar da kowane lungu titi. Ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, a kan wannan titin, motar ɗaukar marasa lafiya ba za ta jira a gama gada ba. Injiniyan da ke fili ba shi da ikon umartar hukumar ruwa ta ɗage bututu, ba shi da ikon biyan diyya. In ba a rubuta tun farko wa zai yi wa waɗannan hukumomi magana ba, da sunan wa, da kuɗin wa, to duk ranar da katafila ta fasa bututu sai aiki ya tsaya, ana jiran wasiƙa ta je ta dawo.

Babban abin da takardar ke tsarewa shi ne iyakar aiki, kuma a ganina sashen da ya fi daraja a cikinta shi ne inda ake rubuta abin da ba ya cikin aikin. Titin Zariya da ya ratsa Tarauni shi ne bakin babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kimanin kilomita 375. An ba kamfanin Julius Berger kwangilarta a watan Disambar 2017 a kan kimanin naira biliyan 155, da nufin gyara. A 2021 majalisar zartarwa ta tarayya ta sauya aikin daga gyara zuwa sake gini baki ɗaya, kuɗin ya koma kimanin naira biliyan 797. A watan Nuwambar 2024 kuma ma'aikatar ayyuka ta soke kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna. Faɗuwar darajar naira da matsalar tsaro a hanyar sun taka tasu rawar, babu musu. Amma tambayar ko gyara hanyar take buƙata ko sabon gini, tambaya ce ta zangon farko, ta kafin a kira ɗan kwangila. Da aka amsa ta bayan shekara uku ana aiki, sai ya zama kamar an faro wani aiki ne daban da sunan na farkon. Turawa ma sun sha irin wannan. An fara gina shahararren gidan wasan nan na birnin Sidni a Ostireliya a 1959 tun zane bai kammala ba, da ƙiyasin dalar ƙasar miliyan 7, ba a gama ba sai 1973, a kan miliyan 102.

Mu sauko daga biliyoyi zuwa inda yawancinmu ke da ta cewa. A ce mutanen wani layi a Gyadi-Gyadi sun gaji da ruwan da ke kwanciya a ƙofar gidajensu duk watan Agusta, suka zauna bayan sallar isha'i suka yanke shawarar haɗa kuɗi a yi magudanar ruwa. Aka naɗa kwamiti, aka zaɓi shugaba da ma'aji, aka ce wani matashi mai ilimin gini ya tsaya a kan aikin. Aka yi addu'a aka tashi, kowa yana jin an fahimci juna. Tifar yashi ta farko ba ta gama juyewa ba za a fara ganin ba haka ba ne.

Wani dattijo da ya ba da kaso mafi tsoka zai kira matashin gefe: "Injiniya, tunda ga lebura ga siminti, a ɗan zarce da ita ta ƙofar gidan ƙanena mana, ai taku ashirin ne." Yaron da aka haifa a gabansa ba zai iya cewa a'a ba, sai dai ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba Alhaji, in sha Allahu." Gobe wani zai ce a rufe saman lambatun da ke ƙofar garejinsa da kankare don motarsa ta riƙa hawa. Jibi mutanen layin baya za su zo da ƙorafin cewa ruwan da aka kora kansu yake sauka. Sai kuɗi ya ƙare saura kashi ɗaya cikin uku, wanda kuma shi ne ɓangaren da zai sada magudanar da babbar kwata, ma'ana duk abin da aka gina ya zama tafki mai bango. Daga nan sai zargi. Ma'aji ake fara kallo, alhali ko sisi bai ci ba.

Da a daren farko an ɗauki takarda an rubuta cewa manufar ita ce ruwa ya daina kwanciya daga gida kaza zuwa gida kaza, magudanar za ta fara daga nan ta ƙare a babbar kwata, murfin ƙofar gareji ba ya ciki, mai so ya biya nasa, injiniya yana iya kashe har naira kaza ba tare da komawa ga kwamiti ba, duk wani ƙari sai shugaba da mutum biyu sun sa hannu, da labarin ya sauya. Da an tambayi mutanen layin baya tun kafin a haƙa, an kuma nemi sahalewar hukumar tsara birane ta KNUPDA in aikin ya kai ga haka. Mafi muhimmanci, da matashin ya samu abin fakewa. Sai ya ce, "Baba Alhaji, wallahi da ikona ne da na yi, amma ga abin da kuka sa wa hannu, bari in kai wa kwamiti." Bai yi rashin kunya ba, bai kuma karkatar da kuɗin jama'a ba. A wurin da kunya da girmama na gaba ke da ƙarfi irin namu, wannan kariya ta fi duk wata fa'ida da littattafan Turawa ke lissafa wa takardar. Ba ta zo rusa kunya ba, ta zo ne ta ɗauke wa ƙaramin mutum nauyin cewa a'a shi kaɗai.

Akwai masu ganin rubuta irin wannan tsakanin maƙwabta alamar rashin yarda ce. Ban ga haka ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma muminai aka yi wa umarnin. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayanin cewa wakili ba ya wuce iyakar abin da aka wakilta shi a kai, mai kula da wakafi kuma yana bin sharaɗin wanda ya yi wakafin. Ba baƙon tunani ba ne. Tun ran gini tun ran zane, in ji masu iya magana.

Zangon tsarawa da na aiwatarwa ba sa buƙatar dogon bayani a nan. Jadawalin aiki, da lissafin kaya, da rabon kuɗi wata-wata, duk daga takardar kafa aiki ake ciro su, kuma su suna sauyawa kullum, ita kuwa ba a taɓa ta sai da sa hannun uban aiki. Idan aka ga ana yawan gyara ta, to alama ce aikin ya tashi daga abin da aka kafa shi a kai.

Inda maganar ta fi ɗaci shi ne sauyin shugabanci. Asibitin yara da ke titin gidan Zoo, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Khalifa Isyaka Rabi'u, an faro shi ne a zamanin Malam Ibrahim Shekarau tare da asibitin Giginyu. Suka tsaya cak tsawon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, sai gwamnatin Ganduje ta kammala su, Buhari ya buɗe su a watan Disambar 2017. Titunan kilomita biyar-biyar da Kwankwaso ya faro a ƙananan hukumomin jihar su ma da yawansu suka kwanta bayan 2015, sai da Abba Kabir Yusuf, wanda shi ne kwamishinan ayyuka lokacin da aka faro su, ya zama gwamna a 2023 aka koma kansu. Kowane ɓangare yana da nasa a wannan lissafi, don haka babu mai yi wa wani gori. A matakin tarayya kuwa, kwamitin da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya ba da rahoto a 2011 cewa akwai ayyukan gwamnatin tarayya 11,886 da ba a kammala ba, waɗanda ke buƙatar kimanin naira tiriliyan 7.78. Wannan kuwa bayan shekara huɗu da yin dokar sayen kaya da ba da kwangila ta 2007, wadda ta wajabta tantance buƙata da tabbatar da akwai kuɗi kafin a ba da aiki.

Shin shafi uku za su hana sabon gwamna juya wa aikin wanda ya gada baya? Ba za su hana ba, kuma duk mai koyar da wannan sana'a da ya ce za su hana, tallar kwas ɗinsa yake yi. Takarda ba ta ɗaure mai iko. Akwai ma ofisoshin da ake cika ta kamar fom don mai ba da tallafi ya gani, a kwafo ta aikin bara a sauya suna da kwanan wata, a jefa a durowa. Wannan ɓarnar tawada ce kawai. Abin da takarda ta gaskiya ke iya yi ya fi haka ƙanƙanta, amma ba abin rainawa ba ne. Tana raba aiki da sunan wanda ya faro shi. In an rubuta cewa uban aikin asibiti ma'aikatar lafiya ce, dalilinsa kuma cunkoson yara marasa lafiya a asibitocin birni, to wanda ya zo daga baya yana da zaɓi biyu a fili: ya ci gaba, ko ya fito ya ce dalilin ya kau, ya rufe aikin a rubuce. Dakatar da aiki ba aibi ba ne. A wannan sana'a, ɗaya daga cikin hakkokin uban aiki shi ne ya kashe aikin da ya daina cika manufarsa, a biya wanda ake bi, a adana abin da aka gina, a san makomar fili. Abin da muke yi mu daban ne. Ba a ci gaba ba, ba a rufe ba, sai rodi ya yi tsatsa, kuɗin kafin alƙalami ya bi ruwa, ginin ya zama maɓoyar 'yan shaye-shaye, bayan shekara takwas a sake ba da kwangilar a kan ninkin kuɗin farko.

Saura zangon rufewa, wanda a wurinmu yanke ƙyalle da tafi ne. A tsarin sana'ar, rufewa ita ce ranar da ake ɗauko takardar farko a ajiye ta kusa da abin da aka gina, a duba ko sun yi kama. Bankin Duniya yana yin haka a ayyukan da yake ba da rance dominsu: ana rubuta manufar aikin a jimla ɗaya ko biyu tun kafin a amince da kuɗin, idan an gama kuma a rubuta rahoton kammalawa a auna sakamakon da wannan manufa. Bambancin ba ƙarami ba ne. In manufar ita ce a gina rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, to an cim mata ranar da ruwa ya zubo a gaban kyamara. In kuwa manufar ita ce gidajen unguwa su samu ruwa duk shekara, to dole takardar ta faɗi wa zai riƙe makulli, nawa za a riƙa karɓa a kan jarka, a hannun wa kuɗin zai zauna, wa zai kira mai gyara ranar da famfo ya ƙone, wa zai tsare farantan hasken daga ɓarayi. Tankunan da ke tsaye babu ɗigon ruwa a unguwannin Kano, da yawansu ba lalacewa mai tsada ce ta kashe su ba. Ɗan majalisar da ya kawo yana ganin ya gama nasa, ƙaramar hukuma tana cewa ba ita ta gina ba, mutanen unguwa kuma suna jiran gwamnati ta zo ta gyara kayanta.

Ƙaramar hukumar Tarauni tana da mazaɓu goma, biyu daga ciki na Gyadi-Gyadi ne, ta Arewa da ta Kudu, kowace da kansilanta, ga masu unguwanni, ga ƙungiyoyin ci gaban unguwa da kwamitocin masallatai da na Islamiyyu. Waɗannan ba sa buƙatar jiran wata sabuwar doka. Aikin da suka haɗa wa kuɗi da kansu, su ne iyayensa, shafi ɗaya da hannun shugaba da ma'aji da mai unguwa ya wadatar. Aikin da aka kawo musu daga sama kuwa, suna da damar tambayar wakilin da ya kawo shi, cikin ladabi, tun ranar da aka zo auna fili: ranka ya daɗe, daga ina zuwa ina, wace hukuma ce mai shi, wa za mu kira in ya tsaya, hannun wa za a damƙa shi in an gama? A rubuta amsar da ya bayar a gabansa, a karanta masa ya ji, a ajiye kwafi ɗaya a wurin mai unguwa, ɗaya a wurin sakataren ƙungiya, a ɗauki hotonta a tura zauren WhatsApp na unguwa. Wakilin da ya ce zai je ya tambayo, a sa masa rana kafin tifa ta fara juye yashi.